Likita, yaya zan shawo kan wannan gudawa da abincinmu na gida?

Assalamu alaikum Likita. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri kan wannan fili.

Ni malamin makarantar sakandare ne, kuma na daɗe ina fama da murɗar ciki da gudawa, galibi da safe bayan karin kumallo, ko lokacin da nake cikin damuwa. Da na zaga sai ciwon ya lafa. An duba bayan gidana da jinina ba a ga komai ba, sai likitan da nake gani ya ce IBS ne, wato wata larurar hanji mai daɗewa, irin wanda gudawa ta fi rinjaye a cikinsa. Wai hanjin ba shi da miki, saurin motsi ne ya yi masa yawa. Ban taɓa ganin jini ba, ban rame ba, kuma ba ya tashina cikin dare; ya ce da akwai ɗaya daga cikin waɗannan da sai an zurfafa bincike.

Ya rubuta mini loperamide, maganin tsayar da gudawa, don ranar tafiya, da garin psyllium da ake sayarwa da sunan Fybogel. Na yi mamaki, domin na san masu taurin bayan gida ake ba wannan garin. Ya ce shi wannan garin ruwa yake tsotsewa ya yi yauƙi kamar kuɓewa, sai ya daskarar da bayan gida, saɓanin dusar alkama mai ƙara tayar da hanji. To gudawar ta ɗan ragu, amma kumburi da iska sun dame ni. Shin in rage in fara da kaɗan ne, ko in jure har cikin ya saba? Kafin abinci ake sha ko bayansa?

Babbar damuwata abinci ce. Ya yi mini bayanin tsarin cin abinci mai suna FODMAP da Jami'ar Monash ta Ostireliya ta fitar: a ƙaurace wa albasa, tafarnuwa, wake, alkama, madara, zuma, mangwaro da kankana na mako 2 zuwa 6, sannan a riƙa maido su ɗaya bayan ɗaya don a gano mai laifin. Likita, wace miya ake yi a gidan Bahaushe ba albasa? Ƙosai, alale, ɗanwake da burodin shayi duk sun fita ke nan. Tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidana, kuma a tsadar nan ina jin nauyin in ce wa uwargida ta riƙa girki biyu. Ina roƙo ka faɗa mana matsayin namu abincin: tuwon dawa da na masara, kunun gero, miyar kuka da daddawa. Fura da nono fa, tun da nonon ya riga ya yi tsami, hukuncinsa ɗaya da madara? Goro na rage, na san yana zaburar da hanji, amma shayin safe ya gagare ni bari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne alwala ba ta zama, har na fara jin tsoron sahun gaba ranar Juma'a. Ga azumi kuma: garin nan sai da ruwa mai yawa ake shan sa. Da sahur ya kamata in sha, ko bayan buɗe baki?

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naka,
Mai bibiyar filinka daga Zariya