Abokai sun raba ɗana da littafi

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da masu sauraro. Wallahi daren jiya ban runtsa ba.

Yaron wajena ne, na fari, shekararsa 18. Kuɗin rajistar JAMB da na ba shi makonni uku da suka wuce, sai jiya na gano ko cibiyar bai taka ba. Kuɗin adashi ne, Anti. Roƙon uwar adashi na yi ta ba ni kafin kwasata ta zo, awara nake soyawa a ƙofar gida ina zubi.

Da ba haka yake ba. Yana da wani aboki mai natsuwa, tare suke Islamiyya, tare suke bitar tsofaffin tambayoyin WAEC a zaurenmu har fitila ta mutu, wani lokaci ni nake kora su su kwanta. Ya samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. JAMB ce bara ta ba shi 162 cikin 400, abokin ya samu gurbi a ABU Zariya ya tafi, shi ya zauna.

Sai ɗan maƙwabciyarmu ya ja shi majalisarsu. Yaron nan tun SS 1 ya ajiye makaranta, ba wanda ya san sana'arsa, kullum da sabuwar waya, uwarsa kuwa ko a jikinta. In suka ga nawa da littafi sai su dinga kiransa farfesa, wai masu digiri ma A Daidaita Sahu suke ja. Da farko cikin riga yake ɓoye littafin in zai wuce su, daga baya ya daina taɓawa. Mahaifinsa ya ce ni na sangarta shi, ni da ban taɓa bari ya kai ƙarfe 10 a waje ba.

Kuɗin ma bai faɗa mini inda ya kai su ba. Zuciya ta ɗebe ni na ce masa in dai waɗannan ne abokansa ba zai yi albarka ba. Ya fita, ko tuwon dare bai ci ba.

In je in samu uwar yaron ne, ko in tura nawa wurin kawunsa? An kusa rufe rajista. Anti, don Allah, maganar nan da na faɗa masa ta zama baki?

Mai sauraronki kullum, daga Kano.