Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jigawa, Malam Umar Namadi, kan binciken guguwar rana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin fiziks ne a wata sakandaren ƙauye a ƙasar Haɗeja. Ba maganar taki ko hanya na zo da ita ba, waɗannan akwai masu kai maka su kullum. Roƙona shi ne gwamnatinka ta sa hannu a kafa ƙaramar tashar auna yanayin sararin samaniya, wato yadda aman wutar rana ke shafar saman duniyarmu, a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ta kuma ɗauki nauyin wasu 'ya'yanmu su ƙware a fannin.

Za a ce ina ruwan mai noman shinkafa a fadama da wannan. Ai ko dattawanmu masu jin labarai a gajeren zango sun san aikin, sunansa ne kawai ba su sani ba. Muryar da ke fitowa daga akwatin rediyo sama take fara hawa, ta bugi wani rufi na iska mai ɗauke da cajin lantarki, wanda masana ke kira filasma, sannan ta dawo ƙasa. Hasken rana ne ke samar da wannan rufi. Idan rana ta yi aman wuta, cikin minti 8 tartsatsin ya iso, sai tasha ta ɓace da rana tsaka. Sai ka ga tsoho ya ƙara wa eriya waya ya ɗaura a reshen darbejiya, ya kwance batir ya shanya a rana ko zai farfaɗo, alhali ranar ce mai laifin.

Da a rediyo abin ya tsaya, da ban dame ka ba. A watan Maris na 1989 guguwar rana, wato filasmar da rana ke watsowa ta girgiza maganaɗisun duniya, ta jefa lardin Kebek na Kanada cikin duhu na kusan awa 9. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin ɗan'adam na intanet na Starlink guda 49, guguwa ta kumbura iskar sama, 38 suka faɗo suka ƙone. Wadda ta fi kama ni ita ce ta 10 ga Mayun 2024, mafi ƙarfi tun 2003: manoma a Amurka ana tsakiyar shuka suka ajiye taraktocinsu, saboda GPS ɗin da ke ja musu layi ya rikice. Mu ma fa mun kama hanyar. Malamin gona da waya yake zagaya fili ya auna kadada, mai awon filaye da GPS yake kafa turaku, kuma kowa ya san abin da taku biyu na kuskure kan haifar tsakanin maƙwabtan gona.

Ga inda Allah ya ba mu abin da Turai ba ta da shi. Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa Najeriya, kuma Jigawa ba ta da nisa da shi. A saman wannan layi, wajen kilomita 100 daga ƙasa, akwai wani kogin lantarki da ke kwarara gabas da rana. Bayan magariba kuma filasmar yankin kan yi kumfa, ta wargaza saƙon taurarin ɗan'adam, musamman a wajen Maris da Satumba. Mai son fahimtar wannan ko a Tokyo yake, sai ya nemi awon da aka yi a ƙarƙashin samanmu.

'Yan ƙasar nan sun daɗe da gane haka. Farfesa Cyril Onwumechili tun a shekarun 1950 da 1960 ya yi nazarin wannan kogin lantarki daga Ibadan, har ya zama duk mai rubutu a kai sai ya ambace shi. A zamaninmu akwai Farfesa Babatunde Rabiu, wanda ya jagoranci Cibiyar Binciken Sararin Sama ta NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, cibiyar da ke Anyigba a Jihar Kogi. Haɗin gwiwarsa da Jami'ar Kyushu ta Japan na cikin abin da ya sa na'urorin auna maganaɗisu na shirin MAGDAS suka zauna a Legas da Ilori da Abuja. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo taronta na yanayin sararin samaniya Abuja. Yadda harkar take ke nan: kai ka riƙe na'ura ka tara awo na gaskiya shekara da shekaru, su kuma su zo da kayan aiki da guraben karatu, sunan jami'arka ya shiga takardun bincike tare da nasu. Afirka ta Kudu ta bi wannan hanya a garin Hermanus, yau ga ta da cibiyar da ke aiki dare da rana, tana gargaɗin jiragen sama.

Ranka ya daɗe, abin ba ya neman bene. Na'urar auna maganaɗisu ma gudun birni take yi, don ƙarfe da manyan wayoyin wuta da kai-komon motoci duk suna ɓata mata awo. Ƙaramin ɗaki a gefen fili, na'urar karɓar saƙon GPS, faifan sola da batir, intanet, sai ma'aikaci. A kan ma'aikacin nan nake son ka tsaya. Mun saba a yanka kyalle a tafa, bayan damina biyu a tarar da batir ya mutu, gara ta ci ƙofa. A wannan fanni awon da ya yanke wata uku ya rage daraja ƙwarai, kuma abokin bincike na waje da ya ga haka ba ya dawowa. Gara ƙaramar na'ura ɗaya mai albashin mai kula da ita a cikin kasafi da ɗaki cike da kaya babu mai share musu ƙura.

Rana tana da zagaye na kimanin shekara 11, inda aman wutarta ke yawaita sannan ya lafa. Wannan ya fara a Disambar 2019, ya kai ganiyarsa a wajen 2024. Yaron da ke ajina yanzu, wanda ke tambayata me ya sa rana ba ta ƙonewa ta ƙare, idan ya samu mai riƙe masa hannu zai iya kammala digiri na biyu kafin ganiya ta gaba. A ware gurabe kaɗan a tallafin karatu na jiha, maza da mata, da sharaɗin su dawo su riƙe tashar.

Matakin farko ko kwabo ba ya ci: ka umarci Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ta zaunar da shugabannin jami'ar Kafin Hausa, da na Jami'ar Tarayya ta Dutse, da mutanen Anyigba, su kawo maka lissafi a rubuce kafin a rufe kasafin baɗi.

Allah ya taya riƙo, ya sa a gama lafiya.

Naka mai biyayya,
Wani malamin fiziks daga ƙasar Haɗeja.