Masu shiga daji da babur, a tuna da gwiwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana masu hawan babur, musamman waɗanda hanyarsu ba ta tsaya a kan kwalta ba. Ni makanike ne. A Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a nan Ghana, na koyi aiki, shagona yana Aboabo, kuma yawancin baburan da ake kawo mini na daji ne: AG 200 na malaman gona, tsofaffin XL da DT, Boxer ɗin akawun koko da aka tilasta masa zama babur ɗin daji, sai jefi-jefi KTM na samarin da ke fita ƙarshen mako su hau tsaunukan da suka kewaye tafkin Bosomtwe.

Duk wa'azin da ake yi wa mai babur a ƙasar nan na hular kwano ne. Doka ta ce a sa, 'yan sanda na tare wanda bai sa ba, rediyo na ta nanatawa. Daidai ne, kai ba shi da na biyu. Amma a cikin masu shiga daji da na sani, in ka ga mutum ya jingine babur ya koma zaman gida, ka tambaya, galibi gwiwa ce ta zaunar da shi. Ban taɓa jin an tsaya an yi wa kowa bayaninta ba.

A kan kwalta ƙafarka na kan matakin babur daga tashi har sauka. A daji ba haka ba ne. Wanda ya taɓa bin hanyoyin Amansie ko Ahafo Ano da damina ya san jar ƙasa in ta sha ruwa: santsi a sama, kwari a tsakiya inda manyan motocin katako suka yanka. Tayar gaba na zamewa, kai kuma ba da shawararka ba ƙafa ta sauka ta tokare. Tafin ƙafar ya kafe a laka, babur mai nauyin fiye da buhu biyu na siminti ya ci gaba da tafiya, jikinka ya bi shi. Abin da ke tsakanin kafaffiyar ƙafa da jikin da ke juyawa shi ne gwiwa. Jijiyoyi huɗu ne manya ke riƙe da ita: biyu a gefe da gefe, biyu a can ciki sun gitta juna. Ta gaban cikin biyun nan da suka gitta, wadda likitoci ke ce wa ACL, ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, kuma irin wannan murɗawar ce ke tsinka ta. Hanya ta biyu ita ce dira daga tudu da miƙaƙƙiyar ƙafa, gwiwa ta lanƙwashe baya inda Allah bai halicce ta ta je ba.

Ɗan ƙanwata yana saye wa wani kamfani koko a ƙauyuka. Bara, cikin ruwan watan Oktoba, aka kawo shi gida a bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Babur ɗin ko fitila bai fasa ba, wandonsa ko yagewa bai yi ba. Ya ce mini, "Kawu, wallahi ban ma faɗi ba. Ƙafa kawai na sa, sai na ji ƙas a ciki." Kafin magariba gwiwar ta kumbura har ba a gane ƙoƙonta. Aka yi hoton ƙashi, aka ce babu karaya, gida ya ɗauki hamdala. Uwarsa ta kai shi wurin maɗori, aka ja, aka shafa, aka ɗaure. Kumburi ya saɓe, ya fara takawa, kowa ya ce ya warke. Sai dai in zai sauko daga tudun masallaci, ko ya juya da sauri don an kira shi, ƙafar ta kuɓuce masa, kamar kan babur ɗin da boris ɗinsa ya cinye: yana tafiya, amma ba ka san lokacin da zai karkace ba. Sai da aka yi hoton MRI, wanda ke nuna jijiya, aka ga jijiyar ta rabu biyu, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ma ya tsage.

Ba na raina maɗora. Mun ga ƙafar da suka ɗora ta miƙe sarai. Amma aikinsu ƙashi ne, hoton ƙashi ma ƙashi yake nunawa, jijiya ba ta fita a cikinsa. Ita kuma wannan jijiyar in ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa da kanta ba. In za a gyara, likita yakan yanko wata jijiya daga bayan cinya ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ya dasa a gurbinta, sannan a shiga watanni ana gashi da motsa jiki, shida zuwa tara, wani har shekara. Masu kallon ƙwallo sun tuna Michael Essien. A watan Satumba na 2008 ya tsinka tasa yana buga wa Ghana wasa da Libiya, bai koma fili ba sai Maris na 2009. Wannan fa mutum ne da Chelsea ke biya masa likitoci, ba shi da wani aiki sai jinya. Akawun koko da ke da mata da 'ya'ya biyu a ɗakin haya a Asawase fa?

Abin da ya fi ci wa yaron nan rai ma ba kuɗin ba ne. Shekarunsa ba su kai talatin ba, amma a kan kujera yake salla, a ƙarshen sahu tare da dattawa, don zaman tahiya ya gagare shi.

To, akwai abin da ake sawa. Sai dai a nan ake ruɗuwa, don kaya iri biyu ne kuma a ido sun yi kama. Na farko ƙoƙon roba ne mai soso a ciki, a ɗaura shi a gwiwa da ƙwauri. Shi ne ake gani a shagunan kayan babur, yana da araha, yana da amfani: in ka bugi dutse ko kututture zai tare, ba za ka saɓule fata ba. Amma ba ya hana gwiwa murɗewa ko kaɗan. Na biyun shi ne mariƙin gwiwa na gaske. Firam ne mai tauri, rabi ya rungumi cinya, rabi ya rungumi ƙwauri, da hinji a kowane gefen gwiwa ya haɗa su. Yana barin ƙafa ta naɗe ta miƙe yadda ta saba, amma ya ƙi ta karkata gefe, kuma a cikin hinjin akwai ɗan abin tokare da ke tsayar da ita kafin ta wuce miƙewa. Ana iya canza shi, a ƙara ko a rage inda zai tsayar da ita. Wanda ya sayi ƙoƙon roba yana tsammanin zai yi masa wannan aikin, ya sayi rabin kariya ne yana tafiya da zuciyar mai cikakkiya.

Kamfanonin da aka sani da yin mariƙin sun haɗa da Leatt na Afirka ta Kudu, POD na Ostareliya, Asterisk na Amurka, Alpinestars na Italiya. A 2011 wata mujallar likitocin wasanni ta Amurka ta buga binciken da aka yi a kan masu hawan babur a daji fiye da 2,000, aka samu waɗanda ba sa sa mariƙi sun ninka masu sawa fiye da sau biyu wajen jin rauni a gwiwa. Gaskiya tambayoyi aka aika ta intanet, kowa ya faɗi nasa da bakinsa, kuma mai iya kashe kuɗi a kan mariƙi wataƙila dama can mai taka-tsantsan ne. Ko an rage wannan, ni dai ratar ta ishe ni.

Na san abin da za a ce, don a bakin shagona ana faɗa. Na farko kuɗi. Sabo, ƙafa biyu, ɗaruruwan daloli ne, in ka mayar sidi wani ya kusa kuɗin tsohon babur. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ba zan ce wa ɗan okada da ke zagaye tsakanin Aboabo da Kejetia ya saya ba, shi hula da takalmi mai rufi da ƙoƙon roba sun fi masa. Amma saurayin da ya iya sayen KTM, ya canza masa salansa don unguwa ta ji shigowarsa, ba shi da bakin cewa mariƙi ya yi tsada. Haka kamfanoni da ƙungiyoyin da ke raba wa ma'aikata babura su tura su ƙauyukan Sekyere Afram Plains rani da damina. Suna ba da hula da rigar ruwa. A lissafa albashin watannin da ma'aikaci zai yi a kwance, a ajiye kusa da kuɗin mariƙi, a ga wanne ya fi.

Na biyu, wasu na cewa in ka ɗaure gwiwa ƙarfin bugun zai haura ya karya ƙashin cinya. Maganar ba ta banza ba ce, masu tsere a Turai ma suna musu a kanta, kuma karayar cinya ba wasa ba ce, tana zubar da jini da yawa a ciki. Sai dai bugun da zai karya cinya babban haɗari ne wanda da mariƙi da babu ba za ka tashi lafiya ba. Wanda ke cin gwiwoyin mutanenmu kuwa ƙaramin tokare ne a cikin laka, a giya ta biyu. Shi ake yi wa tanadi. Kuma kada a ɗauka mariƙi laya ne. Ya fi ƙarfi wajen hana karkata gefe da lanƙwasa baya, murɗawa kuwa rage ta yake yi, ba ya kashe ta. Wanda ke jan ƙafa a ƙasa a kowace kwana, yatsu a waje, zai ji ciwo ko me ya ɗaura. A tsaya a kan mataki, yatsu su dubi gaba, gwiwa ta matse tanki, in dole a fitar da ƙafa a miƙa ta gaba wajen taya, a ɗage.

Zafi kam akwai shi, Kumasi ce. A sa doguwar safa a ƙarƙashi, a riƙa cire soson ana wankewa.

Sawar ma sai an koya. Na dama daban, na hagu daban, kuma da awo ake saye: faɗin gwiwa, kaurin cinya, kaurin sha-raɓa. Hinji ya zauna daidai tsakiyar gwiwa. Maɗaurin da ke ƙasan gwiwa, a saman sha-raɓa, shi ake fara ja, don shi ke hana abin zamewa ƙasa, in ya zame kuwa hinji ya bar wurinsa, ya zama kaya kawai kake ɗauke da shi. Gindin mariƙin cikin dogon takalmin hawa yake shiga. Mai shiga daji da silifas, wannan wasiƙar ba ta kai gare shi ba tukuna.

Roƙona ga 'yan kasuwarmu masu shigo da kayan babur da masu buɗe dilar gwanjo: in kun ci karo da irin wannan kada ku jefa shi cikin tarkacen kayan wasa, akwai masu nema. Mai saye kuma ya duba da kyau. Ya ɗaga firam ɗin a rana ya nemi tsaga, ko siririya ce a bar shi. Ya riƙe sama da ƙasa ya girgiza gefe da gefe, in hinji na wasa ya gama aiki. Maɗauri da soso ba matsala ba ne, masu ɗinkin kujerar babur za su yi sabo. Wanda ya samu na hannu yana shakka, ya kawo mini shago in duba masa hinjin, ba na karɓar ko pesuwa a kan wannan. Kai kuma Malam Edita, in da hali a samo mana likitan ƙashi daga asibitin Komfo Anokye ya yi bayani a shafin lafiya, da Hausa, kan kumburin gwiwar da ya kamata a wuce da shi asibiti ko da hoto ya ce babu karaya.

Na gode.

Naka,
Wani makanikin babur,
Aboabo, Kumasi