Gaisuwar Sallah daga garin wani maƙeri

Assalamu alaikum Baba,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kai da Inna da su Yaya kuna lafiya. Ya gwiwar taka? Auta ya turo mini hoton ragon ɗaure a gindin darbejiyar ƙofar gida, sai da idona ya kawo ruwa. Mu nan Moline, a jihar Ilinoi, mun yi Idi da safe, ana sallamewa kowa ya kama gabansa, wasu ma kai tsaye wurin aiki. Ba kiɗa, ba hawa, ba ƙamshin suya. Wani bawan Allah ɗan Togo ne ya kira mu gidansa muka ci shinkafa da nama.

Da yamma zaman ɗaki ya gagare ni, na fita yawo bakin kogin Misisipi. A hanya na bi ta wani gini na gilashi da aka jera taraktoci a ciki, kore da rawaya, masu tambarin barewa. Ka tuna irinsa da aka taɓa kawowa haya ya yi huɗa a fadama, yara suka yi ta binsa? To Baba, mai wannan sunan, John Deere, maƙeri ne kamarka, kuma ya taɓa zama magajin garin nan da nake zaune.

An haife shi a 1804 a jihar Vermont. Mahaifinsa tela ne, ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila a 1808, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yana ɗan shekara 17 aka kai shi koyon ƙira. Ya ƙware, amma maƙerarsa ta yi gobara, bashi ya kama shi iya wuya. A 1836 ya bar matarsa da 'ya'yansa ya nufi yamma neman abinci, ya sauka a wani ƙauye, Grand Detour. Da na karanta wannan wurin sai da na yi shiru, don kamar labarina ake ba ni.

Ƙasar yankin nan baƙa ce, mai danƙo kamar lakar fadama. Garmunan da manoma suka zo da su daga gabas sai ta manne musu, mutum ya yi 'yan taku kaɗan ya tsaya ya kankare, ya sake tsayawa. A 1837 ya samo karyayyen zarto a wurin masu tsaga katako, ya yanke shi, ya lanƙwasa, ya goge har yana sheƙi. Da aka sa a gona, ƙasa na zamewa da kanta. Ai wannan irin aikinka ne, Baba. Ban manta yadda kake ɗauko sifirin ɗin tsohuwar mota ka zura a wuta, ina zuga zugazugi, ka buga da masaba ya zama fartanya ba.

A 1848 ya ƙauro nan Moline saboda kogi, ruwa na juya masa injina, jiragen ruwa na kawo ƙarfe suna kwasar garma. Daga baya ya bar wa ɗansa Charles ragamar kasuwancin, shi kuma ya juya ga hidimar gari. Ya shugabanci banki, ya shiga cikin masu kula da ɗakin karatu na jama'a, sannan aka zaɓe shi magajin gari a 1873. Shekara biyu ya yi, jiki ya matsa masa, bai sake nema ba. Ya rasu a 1886, an binne shi a nan garin. Bai taɓa ganin tarakta mai sunansa ba, don sai a 1918 kamfanin ya shiga wannan harkar.

Shi dai a 1838 iyalinsa suka iske shi. Ni ga shi wannan ce Sallah ta huɗu da na yi ba tare da ku ba. A faɗa wa maman yara ta ƙara haƙuri, ina nan a kan maganar takardun, ban kwanta ba.

Sai maganar Auta. Na ji wai yana kunyar abokansa su gan shi a maƙera da baƙin gawayi a hannu. Abin ya yi mini ciwo. Don Allah a karanta masa wasiƙar nan a gabanka. Ya yi makarantarsa, kuɗin na wuyana, amma Asabar da Lahadi ya zauna kusa da kai ya riƙe awartaki.

Ragowar kuɗin da na turo a ba Inna ta raba wa yara goron Sallah, a kai wa Gwaggo cinya ɗaya. A gaishe da liman da duk maƙwabta. Ka sa ni a addu'a, Baba.

Ɗanka mai kewarku,
daga Moline, Amurka