Rahoton ayyukan shekarar 2025 ga membobin ƙungiyarmu ta ƙananan 'yan kasuwa masu shigo da kaya, Maraɗi

Assalamu alaikum. Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu da 'yan uwa, kwamitin gudanarwa ya ɗora mini in rubuta muku abin da aka yi bana da abin da bai yiwu ba.

Kowa ya san halin da shekarar ta same mu. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, hanyar Kwatano da muka saba ta toshe a gadar Gaya da Malanville. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Ɗan Isa da Jibiya ta buɗe a Maris ɗin 2024, amma hanyar Kwatano ba ta buɗe ba, kayan da ke zuwa ta teku sai suka koma sauka a Lome, su ratso Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar soja, su iso Yamai, kafin su kama hanyar Dosso da Ƙonni zuwa nan. Mai babban jari yana iya jiran kwantena wata da watanni. Mai jari kaɗan kuwa, kuɗinsa na kwance a hanya, shagonsa babu kaya, haya tana tafiya.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne koyar da lissafin duwan, wato kwastan, kuma ina ganin shi ne mafi amfani cikin duk abin da muka yi. Mun lura da yawa daga cikinmu suna sanya farashin kaya tun ba su san nawa za su biya a shigo da shi ba, sai an fiddo takarda mutum ya ga ribar da ya ƙirga ta tafi. Shi ya sa muka yi zama na musamman, muka gayyato wani tsohon taransite, wato mai fitar wa mutane kaya daga duwan, ya zauna da mu da allo da alli.

Ga abin da aka koya, don waɗanda ba su samu zuwa ba. Duwan ba kuɗin sayen kaya kaɗai take dubawa ba. Tana haɗa shi da kuɗin dako da na inshora, a kan jimillar ake yanka haraji. Kaya kuma aji biyar ne: akwai wanda ba a biya masa kuɗin fito, akwai na kashi 5 cikin 100, na 10, na 20, da na 35. Yawancin abin da muke kawowa, irin su takalma, kayan sawa da kayan amfanin gida, a ajin kashi 20 suke. A ce kayanka sun tashi miliyan ɗaya na sefa har da dako. Kuɗin fito jika 200 ke nan, wato sefa dubu 200. Sai harajin TVA, kashi 19, kuma a nan mutane suke tuntuɓe, domin ba a kan miliyan ɗin ake lissafa ta ba, a kan miliyan ɗin haɗe da kuɗin fiton ne, wato ta kai jika 228. Ga kashi 1 na ƙididdiga, ga kason UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ga kuma rabin kashi ɗaya da ƙasashen AES, wato Nijar, Mali da Burkina Faso, suka amince da shi a ƙarshen Maris 2025, bayan fitarmu daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu. In ka tara duka, ka doshi jika 450, ba ka biya taransite ba, ba ka biya 'yan dako ba. Da aka rubuta wannan a allo, wata Hajiya mai sayar da kayan ɗaki ta ce yau ta gane inda kuɗinta ke shiga shekara da shekaru. Raina ya sosu da jin haka, domin ba ita kaɗai ba ce.

Abu na biyu, kuma shi ne nake roƙon ku saurara da kyau, maganar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji. Har yanzu akwai membobin da ke shigo da kaya da sunan wani, ko dai babban ɗan kasuwa da suka haɗa kwantena da shi, ko wanda ya ce zai fitar musu da araha. Bana wannan ya jawo wa wani ɗan uwanmu asara mai nauyi. Ya ba wani mai fitar da kaya kuɗi a hannu, babu takarda tsakaninsu, aka rubuta kayan da daraja ƙasa da gaskiya, aka kama, aka ci tara. Da muka tashi taimaka masa, sai muka tarar babu sunansa a ko ɗaya cikin takardun. A idon hukuma kayan ba nasa ba ne. Dattawan kwamiti sun yi ta zirga-zirga, aka yi sulhu ya samu wani ɓangare, sauran ya bi ruwa. Garin neman gira ya rasa ido, kuma mutum ne mai iyali.

Na san abin da ke hana mutane yin NIF: tsoron kada ma'aikatar lanho, wato haraji, ta san da su. To amma wanda ke da shago a babbar kasuwa ko a Sabon Gari ai ba ɓoye yake ba, patanti, wato harajin sana'a, yana biya ko ya so ko bai so ba. Abin da rashin lambar ke hana shi kawai shi ne takarda da sunansa, wadda zai nuna a hanya, ya nuna a banki, ya nuna ranar da rigima ta tashi. Bana mun raka waɗanda suka amince zuwa zauren 'yan kasuwa, suka yi rajistar kasuwanci suka karɓi lambarsu. Waɗanda ba su iya karatun Faransanci ba, matasanmu ne suka cika musu takardu, kyauta. Allah ya saka wa yaran nan da alheri.

Masu sayo kaya a Kano da Katsina su ma mun zauna da su. Faɗuwar naira ta sa kaya sun yi sauƙi a can, sai wasu suka riƙa bin hanyoyin daji da babura don kauce wa Ɗan Isa. Matsayin kwamiti bai canza ba: ba za mu tsaya wa kayan fasa-ƙwauri ba. Bayan haɗarin kamu, dajin yankin Madarumfa ba wurin wasa da rai ba ne a wannan zamani.

Akwai abin da muka gaza. Asusun taimakon gaggawa da muka yi alkawari bara bai tashi ba, saboda kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba, mu ma 'yan kwamiti ba mu bi shi da ƙarfi ba. Ma'aji zai karanto shiga da fita dalla-dalla a babban taro, littafin kuma a buɗe yake ga duk mai son dubawa.

A baɗi, in Allah ya kai mu, muna son duk kwantenar haɗin gwiwa ta kasance da rubutacciyar yarjejeniya, kowa da sunansa da adadin kayansa da kasonsa na duwan, a sa hannu gaban shaidu kafin kuɗi ya fita. Za mu kuma maimaita zaman lissafi, wannan karon da ranar mata daban, kamar yadda suka nema. Mai zuwa babban taro ya taho da takardar sayen kayansa ta ƙarshe da takardar biyan duwan, a zauna a duba su tare.

Wassalam,
Magatakardan ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa