Digiri daban, lasisin ungozoma daban: jan hankali ga iyaye da ɗalibai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin iyaye da 'yan matan da ke shirin cike fom ɗin JAMB da niyyar zama ungozoma ta hanyar jami'a. Niyya ce mai kyau, kuma muna bukatarsu ƙwarai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 kacal na haihuwa a Najeriya ne ake yi a hannun ƙwararrun ma'aikatan lafiya, a ƙauyukan Arewa kuwa abin bai ma kai haka ba. Sai dai mutane da yawa suna shiga harkar ba su san takardu biyu ake nema ba, kuma daga hannu biyu. Jami'a ce ke ba da digiri. Izinin karɓar haihuwa kuwa yana hannun Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Najeriya, wato NMCN. Yarinya za ta iya sa rigar yaye, a yi walima, a ɗauki hotuna, amma muddin majalisar ba ta yi mata rajista ba, a wajen doka ba ungozoma ba ce.

Maganar tun daga aji huɗu na sakandare take farawa. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma kada a haɗa su daga zama fiye da biyu. Wadda aka tura ajin adabi ko na kasuwanci don an ce fiziks na da wuya, an rufe mata ƙofar tun ba ta ƙwanƙwasa ba. A JAMB kuma Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji za ta zauna wa. Gurbin kaɗan ne, masu nema kuma tuli, don haka makin da zai shigar da ɗalibi wani sashe ba lallai ya shigar da shi nan ba.

Hanyar da aka fi bi ita ce digirin kimiyyar jinya da ake kira BNSc, wanda ake yi a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri. Shekara biyar ne. Shekarar farko kimiyya ce zalla. A ta biyu ake shiga ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, kuma a nan ne ake yawan zubar da ɗalibai, saboda karatu ne mai yawa da ba ya jure hadda ta daren jarrabawa. Daga nan sai ilimin magunguna, da ƙwayoyin cuta, da jinyar marasa lafiya a ɗakunan kwanciya. Wajen shekara ta huɗu ɗaliba ke zama jarrabawar majalisa ta zama nas mai rajista, a ta biyar kuma ta zauna ta ungozomanci. Bayan kammalawa akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Uban da zai tura 'yarsa ya lissafa shekara bakwai, ban da abin da yajin aikin malamai zai ci. Gara a faɗi wannan tun da wuri a gaban mai neman aurenta, domin rabin karatun kwana ne a asibiti, ba a aji ba.

Wadda ta riga ta zama nas mai rajista daga kwalejin jinya za ta iya shiga kai tsaye daga aji biyu, ta yi shekara huɗu. Kuma kada a raina kwaleji. Karatun ungozomanci na shekara uku, ko na wata 18 ga wadda ta riga ta yi jinya, yana ba da lasisi iri ɗaya da na mai digiri. Amfanin digiri yana fitowa ne daga baya, wajen ƙarin girma, da koyarwa, da neman digiri na biyu.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen zaɓen makaranta. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar da abu uku. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar? NMCN ma ta amince da shi, har da ɓangaren ungozomanci? Sannan ɗalibai nawa majalisar ta yarje wa sashen ya ɗauka a shekara? Wannan na ukun shi ne ramin da ba a gani. Majalisar tana ƙayyade wa kowace makaranta adadi, gwargwadon malamanta da kayan koyarwa da asibitin da take amfani da shi, kuma tana ba kowace ɗaliba lambar shaida tun tana karatu. Idan makaranta ta kwashi fiye da adadinta don son kuɗin makaranta, rarar ba za su samu lamba ba, wadda ba ta da lamba kuwa ba ta zama jarrabawa. Sai ka ga yarinya ta gama komai tana zaune a gida tana jiran layi. Ɗaliba ta nemi lambarta ido da ido, kada ta tsaya ga "ana kan aiki". Masu tura 'ya'yansu ƙasashen maƙwabta ko Masar da Sudan su ma su sani: dawowa da takarda bai wadatar ba, sai an yi horon daidaitawa a nan gida an kuma ci jarrabawar majalisa.

To amma, Malam Edita, ko an samu makaranta mai rajista, ɗakin haihuwa ne ke yin ungozoma. Kowace ɗaliba tana da littafin da ake rubuta ayyukan da ta yi da hannunta, babbar ungozoma ta sa hannu. Akwai kuma aikin da ɗaliba ke ɗaukar mai ciki guda ta bi ta tun daga awo har haihuwa har cikin jego, ta rubuta duk abin da ta gani. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce sai ɗaliba ta duba masu ciki 100, ta kuma karɓi haihuwa 40 da kanta. A wurinmu, inda ɗalibai goma ke iya kewaye gado ɗaya, da sauƙi a cika littafi da sa hannu alhali ɗaliba kallo kawai ta yi daga bayan kafaɗar wata. Duk mai sa hannu kan aikin da ba a yi ba ta sani cewa wannan yarinyar wata rana ita kaɗai za ta kwana a asibitin ƙauye, ba likita, ba wuta.

Ga misalin abin da hannu ya kamata ya saba da shi. Jariri ya faɗo, cikin minti ɗaya a yi wa uwa allurar oksitosin, maganin da ke sa mahaifa ta tsuke don hana zubar jini, awo 10, a tsoka. A dakata minti ɗaya zuwa uku kafin a ɗaure cibiya. A jawo mabiyiya a hankali, hannu ɗaya yana tare mahaifa ta saman mara, kuma sai mahaifar ta ƙanƙance; mai garaje za ta tsinke igiyar ko ta juyo mahaifar waje. Idan mabiyiyar ta fita, a shimfiɗa ta a duba ko ta cika, domin ɗan guntun da ya rage a ciki ya isa ya hana mahaifa tsukewa. Jinin da ya kai mililita 500 zubar jini ne, ba "wankin ciki" ba, kuma ido yana yaudara, musamman idan zani da katifa sun shanye rabi. Wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, da haɗa matakan magani a lokaci ɗaya maimakon bi da bi, ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kusan kashi 60 cikin 100. Wani abin da littafi zai faɗa amma sai a wurin aiki ake ganin muhimmancinsa: oksitosin maganin firji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta yi makonni a kan taga cikin zafin Afrilu ta rage ƙarfi, za a yi allura jini ya ci gaba da zuba.

Haka jijjiga. Mai ciki da ta wuce mako 20, jininta ya hau 140 bisa 90, ga furotin a fitsari, ga ciwon kai da dishi-dishin gani, ba ta bukatar hayaƙi da turare. Maganinta magniziyam salfet ne: giram 4 a jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk awa huɗu. Kafin kowace allura sai an buga gwiwa an ga ta amsa, an ƙirga numfashi, an auna fitsari bai gaza mililita 30 a awa ba. Idan ɗaya ya saɓa a dakata, kalsiyam gulukonet, makarin maganin idan ya yi yawa a jiki, kuma ya kasance a kusa. Ɗalibar da ba ta taɓa haɗa wannan allurar da hannunta ba za ta ji tsoron ba da ita ranar da ake bukata.

Takardar bin naƙuda, wadda ake rubuta yadda naƙuda ke tafiya a kanta, ma haka. Ana sauraren bugun zuciyar jariri duk minti 30, ya kasance tsakanin 110 da 160, a kuma duba buɗewar bakin mahaifa duk awa huɗu. Amfaninta ta nuna da wuri cewa naƙuda ta tsaya, a tura mace inda ake tiyata. Cike ta bayan an gama haihuwa don a ƙawata fayil ɓata tawada ne. Wanda ke son ganin sakamakon doguwar naƙuda ya leƙa asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina.

Roƙona ga jami'o'i shi ne su rarraba ɗalibai zuwa manyan asibitocin jiha da na ƙananan hukumomi, inda haihuwa ke da yawa, ɗalibai kuma kaɗan, a haɗa kowane rukuni da malama mai bin su har dare. Gwamnatocin jihohi kuma su waiwayi tsarin share fage na shekara guda da aka gwada daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe da tallafin Birtaniya, inda ake ɗauko 'yan matan karkara a gyara musu darussan kimiyya har su cika sharuɗɗan shiga. Yarinyar da ta taso a ƙauye ta fi yiwuwa ta koma can ta zauna. Amma sai an tanadar mata ɗakin kwana mai ƙofa a kusa da asibitin, da firjin sola na magani, da motar da za ta ɗauki mai naƙuda zuwa birni da tsakar dare, da albashin da ke zuwa a ƙarshen wata.

Na gode da wannan fili.

Taku,
Wata malamar koyar da ungozomanci, Kano