Zuwa ga Aminina, kan Yaron da Danƙo ya Sama a Ido

Aminina,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya sanyin can? Shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai da idon wani ya cika da jini ka tuna da ni. To, na ji.

Yaron nan da dutsen danƙo ya sama, jini ya kwanta tsakanin gilashin ido (fatar nan garai-garai da ke gaban ƙwayar ido) da baƙin ido: a yi masa gwajin sikila yau, kada a kai gobe. Ba SS kaɗai nake tsoro ba, har AS. A cikin ruwan gaban ido ƙwayoyin jininsa lanƙwashewa suke yi, su toshe magudanar ruwan, matsin ido ya hau, kuma jijiyar ganinsa ba ta da juriyar ta sauran mutane. Matsin lafiyayyen ido 10 zuwa 21 yake aunawa, a ma'aunin mmHg. Wanda ba shi da sikila, ana shiga tiyata in matsin ya tsaya a 50 kwana 5, ko a 35 kwana 7. Mai AS kuwa, in ya wuce 24 ya yi awa 24 bai sauka ba, magana ta ƙare, sai tiyata. Kuma don Allah ka ajiye Diamox ɗin nan na rage matsin ido da kake rabawa kamar goro, yana ƙara lanƙwashe jinin. Ɗiga masa timolol don rage matsin in ba shi da asma, da atropine da maganin kumburi.

A sa wa idon marufi mai tauri, a ɗaga kan gadonsa digiri 30. Ban da asfirin, ban da ibuprofen, farasitamol ya isa. Jinin kan sake ɓallewa tsakanin kwana 2 zuwa 5, na biyun kuma ya fi na farko muni.

  

Aikin tiyatar kansa wanki ne. Ana huda gefen gilashin wuri biyu, ruwan gishiri na ido yana shiga ta nan, jini yana fita ta can. In ya daskare, wajen kwana 4 gudan ke tsukewa ya saki, sai a yanke shi kaɗan-kaɗan. Kada a fizge shi: yana manne da baƙin ido, ga madubin da ke cikin ido dab a baya, taɓa shi kaɗan sai yanar ido ta fito. In matsi ya ƙi sauka, a buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Idon da ya cika taf, matsi sama da 25 har kwana 5, shi ma a wanke, in ba haka ba jini ya rine gilashin, ya ɗauki watanni bai washe ba.

Tunda ba ka da kayan aikin, turo shi Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ko ya warke a riƙa auna matsin duk shekara, magudanar da ta yage kan tashi da hawan jinin ido bayan shekaru.

Zumar da ka yi alkawari tun bara fa? Haɗo ta da uban yaron.

Naka,
Abokin shan shayi